Igiyar Kawu Hohepa

Man shanu ne ya ƙare, shi ya sauko da Rawinia daga kan tudu da magariba. Ta bar mijinta Fergus a baranda, naɗe cikin bargo, ya zuba wa tafkin Rotokohu ido. Dankalin da ta gasa masa tun la'asar yana gefensa a faranti, ko taɓawa bai yi ba.

"Tsoho, ko loma ɗaya ka sa a bakinka mana," ta ce tana zura takalmin roba.

"Idan kin dawo, Rawi."

Haka yake cewa kullum, in ta dawo kuma ta tarar da abincin ya sandare. Ciwon daji ya daɗe yana cin sa, maganin asibiti ya zo ya kashe ciwon, ya haɗa da ɗanɗanon bakinsa. Likitoci a Hobart, birnin Ostireliya da suke zaune, sun sallame shi da magana ɗaya: yanzu sauran aiki na cikinsa ne, in bai ci ba, ba zai tashi ba. Mutumin da a da sai ya karkata yake shiga ƙofa, yanzu da igiya yake ɗaure wando. Duk zaman da ya yi a gadon asibiti, abinci ɗaya kawai ya taɓa ambata, koura, jatan landen tafkin garinsu Rawinia. Shekarar da suka yi aure Kawu Hohepa, ƙanin mahaifiyarta, ya dire masa kwano guda a gaba, ya zauna yana ƙyalƙyala dariyar Baturen da bai iya ɓare ɓawo ba. Fergus bai taɓa manta wannan ranar ba.

Saboda koura ta kamo musu gidan hutun nan a kan tudu, irin wanda ake ajiye maka makulli a ƙarƙashin tukunyar fure, a bar maka murhu da tukwane ka dafa wa kanka. A garin da aka binne cibiyarta ta dawo 'yar haya. Gidansu na gado tuni aka sayar, ita kuma rabonta da garin tun jana'izar mahaifiyarta, sai katin gaisuwa na ƙarshen shekara, shi ma in ta tuna.

Ranar da suka shigo gari Fergus na barci a mota. Ita kaɗai ta ga sandar da aka kafa a bakin ruwa, da jan ƙyalle a ɗaure a kanta. Duk ɗan garin ya san rahui, haramcin ruwa, in ya gan shi: ruwa ya ci mutum. Ba wanka, ba kamun kifi, ba a fitar da komai na ci daga tafkin sai ya mayar da gawar da ya riƙe, dattawa sun yi addu'a sun cire sandar. Huhana mai kanti ce ta gaya mata wanda ruwan ya ci. Kawu Hohepa ne. Ya fita da asuba, kwale-kwalensa ya dawo shi kaɗai.

Ba ta gaya wa Fergus ba. Ta ce masa Kawu ya yi 'yar tafiya, koura sai ya dawo.

Huhana na shirin rufe kanti ta iso. Tare suka yi firamare, bakinta kuma bai canza ba.

"A'a, ga mutanen Ostireliya. Man shanu kuma? Ke da tsohon naki shan sa kuke yi ne?"

"Ni kaɗai ke ci, Huhana. Shi ko ruwan shayi sai da faɗa." Rawinia ta yi ƙasa da murya, ko da yake ba kowa a kantin. "Ba ki da ko ɗan koura a firiza? Ko na bara ne."

"Babu. Da akwai ma a makon nan wa zai miƙa wa wani?" Huhana ta tura mata man da burodin tsami mai ɗumi, ta tsaya tana kallon ta. "Kin je kin gaishe da Goggo Kuini?"

"Gobe zan je."

"Jiya ma gobe kika ce. Matar kawunki ce fa, Rawi. Tana can kan gadar katako tun asuba har duhu, tana jiran ruwa ya ba ta mijinta. Ta san kin zo."

Rawinia ta ɗauki ledarta ta fita. Kunya ce ke hana ta, ba komai ba. Da wane ido za ta kalli tsohuwar da ta goya ta, bayan shekarun nan ko waya babu? Don kada ta bi ta gaban gadar, sai ta yanke ta tsohuwar hanyar daji mai bin gefen ruwa. Hanyar nan kuwa ba ta kai mutum ko'ina sai gindin tsohuwar bishiyar da ta sunkuya kan tafki, inda Kawu Hohepa ke ɗaure igiyarsa.

Igiyar na nan. Ɗaurinsa ne, mai kunne biyu, wanda ba wanda ya iya shi a garin sai shi. Tana yarinya ita ke riƙe masa kwando. Yakan nutsar da damin ganyen daji a ƙasan ruwa, koura su shige ciki su yi gida, sai a jawo damin a hankali a karkaɗe. Kwaɗo yake kiran ta, don ba a raba ta da ruwa.

Kada wani ya ce ta manta. Ta sani sarai. Kakarta ta sha gaya musu cewa abin da ke cikin ruwa yana cin abin da ya faɗa ruwa, kuma masu tafki, iskokin ruwan, ba sa mayar da abin da suka riƙe muddin ana ɗiba daga hannunsu. Duk ta tuna wannan tana tsaye. Sai kuma ta tuna wuyan Fergus, yadda ya zama siriri cikin kwalar riga.

Ta ce wa kanta dubawa kawai za ta yi.

Igiyar ta yi sanyi, ga santsin gansakuka. Ta ja. Da, sai ita da Kawu sun haɗa ƙarfi damin ke motsi, yau kuwa ya taho salin-alin, kamar ana turo mata shi daga ƙasa. Agwagin ruwan da ke surutu cikin ciyayi suka yi tsit. Ta shimfiɗa rigar ruwanta, ta karkaɗe damin a kai. Suka zubo baƙaƙe, manya-manya, masu ƙiba irin wadda ba ta taɓa gani ba, suna kaɗa jela, tsik, tsik, tsik. Ƙarnin laka ya cika mata hanci.

Can nesa, ta wajen gada, muryar tsohuwa na rera kukan makoki, siririya, tana tashi tana faɗuwa a kan ruwa.

Rawinia ta tattare bakin rigar, ta mayar da damin, ta hau tudu ba ta waiwaya ba.

Suka yi jawur a tukunya. Ƙamshin ya riga ta isa baranda, sai ga Fergus a bakin ƙofar kicin, dafe da bango, hancinsa na motsi.

"Rawi, ba dai abin da nake tsammani ba ne? Kawu ya dawo?"

"Bai dawo ba. Huhana ce ta tono mana na firiza."

Ƙaryar ta fita sumul, ko tuntuɓe ba ta yi ba. Ya zauna. Ya ɓare na farko, ya tsoma a narkakken man shanu, ya sa a baki, ya rufe ido. Ya ɗauki na biyu. Ya yagi burodi ya dangwali romon. Man na bin gemunsa, yana tsotsar hannuwan koura ɗaya bayan ɗaya yadda Kawu ya koya masa, har da 'yar dariya.

"Ke fa? Zo mu ci mana."

"Cikina ne ba daɗi. Ci abinka, Tsoho."

Ta juya wajen famfo don kada ya ga hawayenta. Daɗi take ji, wallahi daɗi take ji, rabon da ta ga muƙamuƙinsa na aiki haka har ta manta. A ƙarƙashin daɗin kuma sandar nan mai jan ƙyalle ta ƙi barin ranta. Ya cinye tas. Ta naɗe ɓawon a tsohuwar jarida, ta cusa a kwandon shara ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ta wanke tukunyar har sau biyu.

Washegari ya riga ta tashi. Ta same shi a kicin ya soya ƙwai, ya gama da sauran burodin, yana lasar zuma a cokali. Da hantsi ya zagaya gidan ba sanda. Da rana ya ci romon ƙashin rago da ganyen rafi, ya nemi ƙari. Rawinia ta ce a ranta, to, shi ke nan, an yi an gama, gobe sai ta je ta gaishe da Goggo, ba wanda ya gani.

Da ta je gyara gado ta tarar da matashinsa a jiƙe. Ba gumi ba ne. Ta kai hanci, ta ji laka.

Sai ƙishirwa. Kofi bayan kofi yake ɗirka, har ya koma kafa baki a famfo. Ga wuta na ci a murhu, ga bargo, amma sanyi yake kuka da shi. Ta taɓa hannunsa ta ji kamar ta taɓa kifi.

"Can ƙasa akwai sanyi," ya ce.

"Ƙasa ina?"

Ya kalle ta kamar ita ce ta yi maganar banza. "Me na ce?"

Da la'asar ta fito da shayi ta same shi a kujerar baranda, yana wasa da igiyar labule, idonsa a kan tafki. Yatsunsa na aiki su kaɗai. Fergus akawu ne, ko igiyar takalminsa ba ta kwana a ɗaure. Ta dubi abin da ya ƙulla. Ɗauri ne mai kunne biyu.

Ɗaurin Kawu. Ta ajiye shayin, ta koma ciki. Ta yi niyyar gaya masa. Ta yi niyyar sauka wurin Goggo a take. Sai ta ce bari dai ta ɗora abincin dare tukuna, ka ji halin mutum.

Hazo ya fara gangarowa daga kan duwatsu tun rana ba ta gama faɗuwa ba, fari, mai danshi. Ya cinye tsallaken tafki, ya cinye rufin gidajen gari, ya zo ya tsaya a bakin taga. Tana fere dankali. Gidan ya yi shiru, sai wuƙa da katako.

Tsik.

Ta tsaya da wuƙar a hannu.

Tsik. Tsik, tsik.

Daga ƙarƙashin wurin wanke-wanke ne. Ta durƙusa, ta buɗe ƙofar a hankali. Ƙarni ya bugo ta. Jaridar ta jiƙe sharkaf, tana ɗigar da baƙin ruwa, tana kumbura tana lotsawa. Ɓawo ne kawai a ciki. Da hannunta ta naɗe shi, fanko, dafaffe.

"Kwaɗo."

Daga baranda aka kira, ƙasa-ƙasa. Muryar Fergus ce, amma ba haka yake jan magana ba. Kuma bai san sunan nan ba. Ba ta taɓa gaya masa ba.

"Tsoho?"

Ta leƙa baranda.

Kujerar ba kowa. Bargon na ƙasa, silifas ɗinsa a jere. A kan katakon baranda akwai sawu iri biyu. Na takalmin roba, babba, jiƙaƙƙe, ya hawo matakala ya tsaya a gaban kujerar. Na ƙafa tsirara ya bi shi sun sauka tare.

Ta koma da gudu ta suri ƙunshin jaridar. Yana motsi a ƙirjinta kamar ta rungumi kaza. Ta faɗa cikin hazon, ko tocila ba ta ɗauka ba.

Ba ta ganin tafin hannunta. Ƙafafunta ne suka san hanyar. Rassa na marin fuskarta, tsakuwa na zamewa. Ta kira sunansa, hazon ya haɗiye. Ba kukan tsuntsu, ba haushin kare, ko muryar Goggo babu.

Sai ta ji ana bin ta.

Caɓ. Caɓ. Takalmin roba cike da ruwa.

Ta tsaya, aka tsaya. Ta taka, aka taka. Warin tabar lofe ya zo mata ta bayan kunne, gauraye da laka. Duk garin mutum ɗaya ke shan lofe.

"Wa ya aike ki, Kwaɗo?"

Ba faɗa a muryar. Da faɗa ne ma da sauƙi. Irin muryar da yake mata ce in ta fasa kwano tana yarinya.

"Kawu, ka yi haƙuri," ta ce. Ba ta juya ba.

Bishiyar ta fito daga hazo, baƙa, a sunkuye. Igiyar ta miƙe ƙyam daga gindinta zuwa cikin ruwa, tana rawa. Fergus na riƙe da ita. Ruwa ya kai masa ƙugu. Yana bin ta hannu bayan hannu, a natse, kamar mai sauka rijiya.

Gaba da shi, inda ruwan ke da zurfin da ba a taɓa samun ƙasansa ba, akwai masu tsayuwa. Dogaye, farare, ba su da fuskar da ido zai kama. Ba sa motsi. Ruwan da ke ƙarƙashinsu ko girgiza ba ya yi.

Ta shiga. Sanyin ya soke ta har ƙashi. Ta kamo bayan rigarsa da hannu ɗaya ta ja. Mutumin da take ɗagawa daga gado ita kaɗai, yau ko gezau, kamar ta ja kututture.

"Fergus, juyo. Ni ce."

Ya juyo. Idanunsa a buɗe, ba kowa a cikinsu. Ruwa na zuba daga gefen bakinsa.

"Sun hana ni fita," ya ce da muryar Kawu. "Sun ce ban cika ba."

"Kawu..."

"Da saurana a cikin wannan. Sun ce ya kawo."

Ya juya, ya ƙara taku. Ruwa ya kai ƙirji.

Wani abu ya kama idon sawunta. Yatsu ne, masu laushi, masu sanyi. Ba su ja ba, sun riƙe ne kawai.

Ta yage jaridar ta zazzage. Jajayen ɓawo suka bazu a kan ruwa, suka juya, suka kaɗa jela, suka nutse da kansu.

"Ga shi, na mayar," ta ce. "Na mayar."

Fergus ya ƙara taku. Ruwa ya kai wuya.

Nan ta daina raɗa. Ta ɗaga murya yadda duk mai kunne a bakin tafkin zai ji.

"Ni ce na ja igiyar. Na ga sandar, na san rahui ne, na san Kawu na ciki, na ja. Shi bai san komai ba, ƙarya na yi masa. In riƙewa za ku yi, ga ni."

Yatsun suka matse. Masu tsayuwar suka matso, ba tare da sun taka ba.

"Matsa, 'yar nan."

Haske ne ja-ja a bayanta. Goggo Kuini ce, 'yar ƙaramar tsohuwa cikin baƙaƙen kaya, da ganyen makoki a ka. Ta rataye fitilarta a reshe, ta shigo ruwan da siket ɗinta da komai. Ko kallon Rawinia ba ta yi ba, balle fararen can. Ta zaro gasasshen dankali daga aljihu, wanda take ɗumama hannu da shi a kan gada, ta ɓare shi biyu, tururi ya tashi. Duk ɗan garin ya san masu tafki ba sa zama inda abin da wuta ta dafa yake. Ta kamo gemun Fergus ta tura masa a baki.

Sannan ta yi magana da ruwan, da muryar da mace ke yi wa miji a cikin ɗaki.

"Hohepa, sake yaron nan. Baƙo ne, kuma mara lafiya. Tun yaushe ka fara bin baƙo a kan abin da ya ci a gidanka? Ka ji kunya mana. Ku kuma ga naku nan zai ba ku, ku sallamo mini mijina. Na gaji da zaman gada."

Fergus ya shaƙe. Ya dunƙule, ya yi ta kelaya amai a cikin tafkin, baƙi, mai ƙarni, har Rawinia ta ɗauka hanjinsa zai fito. Igiyar ta saki, ta kwanta a kan ruwa. Yatsun suka zame daga ƙafarta ɗaya bayan ɗaya. Da ta ɗaga kai, hazo ne kawai a kan tafkin, can cikin ciyayi kuma wata agwagwa ta yi kuka.

Su biyu suka jawo shi gaɓa. Ya dawo mara nauyi kamar da, yana kakkarwa.

"Rawi? Me ya kawo mu nan? Goggo, ke ce? Ina Kawu?"

"Kai shi gida ki ɗumama shi," in ji Goggo Kuini. Ta ɗauki fitilarta ta koma wajen gada, ruwa na ɗiga daga siket ɗinta.

Da gari ya waye masu neman gawar suka sami Kawu Hohepa a gindin bishiyar, kwance a ruwa mara zurfi, inda aka duba ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Aka kai shi babban zauren gari, aka yi kwanakin makoki. Rawinia ta gaya wa Fergus komai tun a daren, ya ce shi ma zai je makokin. Ba wanda ya zage ta. Maganar ta zaga gari, ta gani a idon mutane, Huhana ma ta daina tsokanar ta, wannan kuwa ya fi zagi ciwo. Ta shige kicin ɗin zauren ta kama wankin tukwane daga safe har dare, ba wanda ya sa ta, ba kuma wanda ya ce ta huta.

Fergus ya warke. Cin abincin da ya dawo masa bai sake tafiya ba, yanzu har tumbi ya ajiye. Abin da ya faru a ruwa bai tuna ko kaɗan, sai dai ba ya cin duk wani abu mai ɓawo, kuma har yau in barci ya yi masa nauyi yakan juya ya ce, "Kwaɗo, rufe ƙofa, akwai sanyi." Ta saba da wannan. Abin da ba ta saba da shi ba shi ne abin da ya faru ranar da za su bar garin.

Ta mayar da makulli ƙarƙashin tukunyar fure, ta ce wa Fergus ya jira ta a mota, ta taka zuwa gidan Goggo Kuini. Ta same ta a kicin ita kaɗai, kujerar Kawu na gefen murhu, lofensa a kan taga. Rawinia ta durƙusa a gabanta. Duk maganar da ta shirya ta gudu.

"Goggo, ban san da bakin da zan..."

"Ya ci da yawa?"

"Na'am?"

"Mijin naki. Ranar da kika dafa masa. Ya ci da yawa?"

"Ya cinye duka, Goggo."

Tsohuwar ta gyaɗa kai. Ta dafa tebur ta miƙe, ta buɗe firiza, ta fito da wata babbar roba da ƙanƙara ta lulluɓe, ta ɗora wa Rawinia a cinya. Ta cikin murfin ana hango su, jajaye, an jera su da kyau.

"Tun da Huhana ta ce kun kama gidan tudu ya fara tara wa Baturensa. Ya ce mara lafiya ba ya jiran igiya. Waɗannan tun kafin rahui ne, halal ɗinku ne." Ta koma ta zauna, ta gyara ganyen da ke kanta. "Ran da ya fita ma, cewa ya yi ba za su isa ba, bari ya ƙaro."

Rawinia ta kasa ɗaga kai. Sanyin robar na ratsa siket ɗinta.

"Kullum ina kan gada ina duban ruwa, ina duban hanya," in ji Goggo Kuini. "Na ce yau dai Kwaɗo za ta zo ta gaishe ni, in ba ta kayanta."